Yadda Ake Gano Inda Iyaka Take a Cikin Kogi

Idan ka tsaya a bakin kogi aka nuna maka ƙetare aka ce wancan gefen wata ƙasa ce, sai ka ga kamar magana ta ƙare: ga tamu, ga tasu, ga ruwa a tsakani. Amma ka tambayi mai nuna maka ɗin, tsibirin nan da ke tsakiya na wa ne? Masuncin da ya jefa taru kusa da can gaɓar, a ƙasar wa yake? A nan za ka ji murya ta fara rawa. Kogi yana da faɗi, iyaka kuwa layi ne da ba shi da kauri. Ga shi kuma kogi ba ya zama wuri ɗaya. Yana cin wannan gaɓa, yana zuba yashi a waccan, wata shekarar ma ya bar tsohuwar hanyarsa ɗungurungum.

Wannan jagora ta ɗalibi ce, da ɗan jarida, da ma'aikacin safiyo, da shugaban jama'ar da ke zaune a bakin ruwa, da duk wanda gonarsa ko sana'arsa ke jingine da kogin da ya raba ƙasa da ƙasa ko jiha da jiha. Ba za ta mai da kai lauya ba, amma za ka san tambayar da ya kamata ka yi da kuma wurin da amsarta take.

Mataki na 1: Nemo takardar da ta yanka iyakar

Kada ka fara da ruwa, fara da takarda. Mutane ne suka zauna suka ce kogi kaza shi ne iyaka, kuma abin da suka rubuta shi ake bi. Takardar tana iya zama yarjejeniya tsakanin ƙasashe biyu, ko dokar da ta kafa jiha, ko umarnin wani gwamna na zamanin mulkin mallaka, ko hukuncin kotu. Ana samun irinsu a hukumar kula da iyakoki, da ofishin safiyo, da gidan adana takardun tarihi. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da taskar yarjejeniyoyi a intanet, Kotun Duniya ma tana sakin hukunce-hukuncenta kyauta da Turanci da Faransanci.

In ka samu takarda ɗaya kada ka yi murna tukuna. Nemi wadda ta biyo bayanta. A Shaɗɗul Arab, ruwan da ya raba Iraki da Iran, yarjejeniyar 1937 ta bar iyaka a gaɓar Iran in ban da 'yan yankuna a gaban garuruwan Abadan da Khorramshahr. Yarjejeniyar Aljiyas ta 1975 ta mayar da ita cikin ruwa. A watan Satumba na 1980 Saddam Husaini ya ce ya soke ta, bayan 'yan kwanaki yaƙin shekara takwas ya ɓarke. Wanda ya karanta ta 1937 kaɗai ya tafi, ya karanta rabin labari.

Idan an rubuta takardar da harshe biyu, samo duka biyun, domin sau da yawa a tsakanin fassarorin rigima take kwance. Ga ƙasashen Afirka kuma akwai abin ƙari: a taron Alƙahira na 1964 shugabanni sun amince su mutunta iyakokin da suka gada ranar samun 'yanci. Don haka ka rubuta ranar 'yancin ƙasashen biyu a gefe, za ta yi maka amfani nan gaba.

Mataki na 2: Gane wane layi takardar take nufi

Nan ne gundarin aikin, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci. Ka karanta jimlar da ta ambaci kogin kalma bayan kalma. Kusan ko da yaushe za ta faɗa cikin ɗayan huɗu.

Na farko, iyaka a kan gaɓa. Ƙasa ɗaya ta mallake ruwan duka, ɗayar ta tsaya a bakinsa. Yarjejeniyar 1858 tsakanin Nikaragwa da Kosta Rika haka ta yi da wani dogon sashe na kogin San Juan: ruwan na Nikaragwa ne, ƙasar Kosta Rika ta ƙare a gaɓar dama. In ka ga an ce gaɓar dama ko ta hagu, ka juya fuskarka inda ruwa yake gangarawa, sannan ka duba hannunka. Mutane da yawa suna kuskure a nan domin suna auna dama da hagu daga inda suke tsaye. Sai kuma ka tambaya, gaɓar wane lokaci? Ta damina da kogi ya cika ya batse, ko ta rani da ya janye? A kogi mai shimfiɗaɗɗiyar fadama tazarar da ke tsakanin biyun tana iya cinye gonaki masu yawa. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a 1980 cewa iyakar jihohin Kentaki da Ohayo ita ce alamar janyewar ruwa a gaɓar arewa ta kogin Ohayo kamar yadda take a 1792, ba kamar yadda take yau ba.

Na biyu, layin tsakiya: kowane ɗigo a kansa nisansa ɗaya da gaɓoɓin biyu. An fi amfani da shi a ƙananan koguna da jirage ba sa bi. Yana da sauƙin zanawa a takarda, amma yana iya barin duk ruwa mai zurfi a gefe guda.

Na uku shi ne wanda masana ke kira talweg, kalmar Jamusanci da ke nufin hanyar kwari. Shi ne layin da ya bi wurare mafi zurfi na babbar hanyar da jirage ke bi. Hikimarsa ita ce kowace ƙasa ta samu rabonta na hanyar jirgi. Sai dai ka sani talweg ba ya bin tsakiya. A duk inda kogi ya yi kwana, zurfin yana manne wa gaɓar waje inda ruwa ke zaizaya, don haka layin yana kai-komo daga wannan gefe zuwa wancan kamar tafiyar maciji.

Na huɗu ba shi da yawa: ruwan ya zama na tarayya. Kogunan Moselle da Sauer da Our, inda suka raba Jamus da Luksemburg, na ƙasashen biyu ne tare, daga gaɓa zuwa gaɓa.

Akwai kuma takardun da suka ce "kogi kaza" kawai suka yi shiru. A nan abin da aka saba shi ne talweg ga kogin da jirage ke bi, layin tsakiya ga wanda ba sa bi. A hukuncin 12 ga Yuli 2005 tsakanin Benin da Nijar, Kotun Duniya ta yi amfani da duka biyun: a kogin Neja ta bi layin mafi zurfi na babbar hanyar jirage, a kogin Mekrou kuwa ta bi tsakiya.

Mataki na 3: In kogin ya rabu, tantance babban reshe

Kogi yakan rabu biyu ya kewaye tsibiri ya sake haɗewa. In takarda ta ce babban reshe, wanne ke nan? Ido yana yaudara a nan, domin reshe mai faɗi yana iya zama mai yashi wanda yaro zai ratsa da ƙafa a rani.

Shari'ar Botswana da Namibiya ita ce makarantar wannan mataki. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1890 ta ce iyaka ta bi tsakiyar babban reshen kogin Chobe, rubutun Jamusancin kuma ya yi amfani da kalmar talweg. Kogin ya kewaye wani tsibiri da bai kai murabba'in kilomita huɗu ba, wanda Namibiya ke kira Kasikili, Botswana ke kira Sedudu. Kotun Duniya ba ta ɗauki ma'auni ɗaya ba. Ta duba zurfi, da faɗi, da yawan ruwan da ke wucewa, da kuma reshen da ya fi ɗaukar jirgi. Matsakaicin zurfin reshen arewa ya kai kimanin mita 5.7, na kudu kuwa mita 2 da ɗoriya. A watan Disamba na 1999 ta ce na arewa ne babba, tsibirin ya faɗa wa Botswana.

In za a yi awon, ga yadda ake yi. A zaɓi lokacin da ruwa ya fi janyewa, domin da cikar kogi kowane reshe babba ne. A yanka layuka daga gaɓa zuwa gaɓa da tazara iri ɗaya. A kowane layi a riƙa auna zurfi, ko da na'urar da ke aika sauti ƙarƙashin ruwa, ko da igiya mai nauyi a baki in ba hali, ana rubuta wurin da na'urar GPS. A haɗa wurare mafi zurfi na layukan, shi ne talweg. A kula musamman da wuri mafi ƙarancin zurfi a kowane reshe, don jirgi ba ruwansa da gurbi mai mita goma in akwai tudun yashi a gaba da zai kafe a kai. Tambayi masu fito da masunta kafin ka jiƙa igiya. Sun san inda gora ke nutsewa da inda take taɓa ƙasa, za su rage maka aikin kwanaki.

Gargaɗi ɗaya: awon da gefe guda ya yi shi kaɗai ba ya ɗaure ɗaya gefen, kuma shiga ruwan iyaka da na'urori ba tare da izini ba hanya ce ta kwana a hannun jami'an tsaro. Awon da ke da daraja shi ne na haɗin gwiwa, wanda wakilan ɓangarorin biyu suka sa wa hannu.

Mataki na 4: Tsibirai

Da zarar layi ya fito, yawancin tsibirai sun raba kansu: wanda ya faɗa hagu na ƙasar hagu ne, sai fa in takarda ta ambaci sunansa ta ba wa wani. A shari'ar Benin da Nijar tsibirai 25 aka raba, Nijar ta samu 16, ciki har da Lete da aka daɗe ana jayayya a kansa, Benin ta samu 9.

Abin da ke ba mutane haushi, kuma dole a faɗa, shi ne daɗewa ana noma ko kiwo a tsibiri ba ya mai da shi na ƙasarku. Mutanen Masubiya daga gefen Namibiya sun shekara da shekaru suna noma a Kasikili, amma kotu ta ce noma suke yi don kansu, ba a madadin wata hukuma ba. Abin da ake nema shi ne alamar mulki: wa ke karɓar haraji, wa ke ba da izinin kiwo, wa ke yanke shari'a in an yi faɗa. A Lete, takardun da suka nuna jami'an gefen Gaya ta Nijar ne ke gudanar da tsibirin a zamanin Faransa sun yi nauyi. To ka ga amfanin ranar 'yancin da ka rubuta: abin da aka yi kafin ranar shi ke da ƙarfi, abin da wata ƙasa ta ruga ta yi bayan rigima ta tashi bai cika amfani ba.

Ba kowane tsibiri ne sai an yi shari'a a kansa ba. A kogin Bidasoa akwai wani ɗan tsibiri inda aka ƙulla sulhun 1659 tsakanin Faransa da Sipaniya, har yau karɓa-karɓa suke yi da shi, kowacce wata shida.

Mataki na 5: Binciki ko kogin ya gusa, da yadda ya gusa

Takardar da ke hannunka wataƙila ta haura shekara ɗari, kogin kuwa bai yi alkawarin jiran kowa ba. Tsohuwar ƙa'ida ta raba gusawa gida biyu. In a hankali ne, ruwa na gutsurar wannan gaɓa yana tara laka a waccan har ba wanda zai ce ga ranar da abin ya faru, iyaka tana bin kogin: mai asara ya yi haƙuri, mai riba ya gode wa Allah. In kuwa farat ɗaya ne, ambaliya ta fasa sabuwar hanya cikin dare ko cikin damina guda, iyaka tana nan a tsohuwar hanyar ko da ta bushe ƙurmus.

Garin Carter Lake shaida ne. A 1877 ambaliya ta sa kogin Misuri ya yanke wata kwana, wani yanki na jihar Ayowa ya wayi gari a gefen Nebraska. Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 1892 yankin na Ayowa ne, kuma haka yake har gobe.

A baki ƙa'idar tana da sauƙi, a ƙasa kuwa sai an yi gumi, domin kogi ɗaya yana iya yin duka biyun a wuri ɗaya. Filin Chamizal tsakanin El Paso da Juarez ya samu ne bayan kogin Riyo Girande, da ya raba Amurka da Meksiko, ya yi ta gusawa kudu, har da babbar ambaliyar 1864. Masu sulhu suka raba filin a 1911, Amurka ta ƙi yarda. Sai a 1963 aka daidaita, daga baya aka zuba wa kogin kankare a wannan sashe don kada ya ƙara motsi. Kogin da hannun mutum ya karkatar ma ba ya jan iyaka. A 1906 wani kamfanin ban ruwa ya yanke wata kwana ta wannan kogi ba da izini ba, wani yankin Amurka ya koma kudancin ruwa, garin Rio Rico ya girma a wajen kowa na ɗaukarsa Meksiko. Sai bayan shekara sittin aka farga, kuma ba a miƙa wa Meksiko filin a hukumance ba sai 1977.

Don gano abin da ya faru a naka kogin, jera shaidu bisa shekaru. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun faro daga 1972 kuma kyauta ne. Manhajar Google Earth tana da wurin da ake komawa tsofaffin hotuna. Kafin 1972 sai hotunan jirgin sama da tsofaffin taswirorin safiyo. Kwatanta hotunan wata ɗaya na shekaru daban-daban, in ba haka ba za ka ɗauki cikar damina a matsayin gusawa. In layin ruwa yana matsawa kaɗan-kaɗan daga hoto zuwa hoto, gusawar sannu ce. In a hoto ɗaya yana nan, a na gaba ya yi tsalle ya bar tafki mai siffar kofaton doki, fashewa ce. Dattawan bakin ruwa sukan tuna shekarar babbar ambaliya da abin da ta ci, ka rubuta abin da suka faɗa ka gwada da hotunan.

Kafin ka yanke hukunci, koma ga takardar. Wasu yarjejeniyoyin sun ce iyaka ta bi kogi duk inda ya je, wasu sun daskarar da ita a kan lambobin awo na wata shekara. In takarda ta yi magana, ita ke gaba da waccan ƙa'ida. In ba a daidaita ba kuwa, sai a samu irin abin da ke faruwa a kogin Danube, inda Sabiya ke bin hanyar ruwa ta yanzu, Kuroshiya ke bin tsofaffin takardun filaye na kafin a miƙe kogin. Sakamakon haka akwai filayen da duka biyun ke so, akwai kuma 'yan guntayen da kowacce ke cewa ba nata ba ne.

Mataki na 6: Kada taswira ta rufe maka ido

A shari'ar Burkina Faso da Mali ta 1986 Kotun Duniya ta bayyana cewa taswira bayani ce kawai, ba hujjar mallaka ba, sai in an liƙa ta a jikin yarjejeniya ta zama ɓangarenta. Ta cikin waya kuwa ba a magana. A 2010 Eden Pastora na Nikaragwa, wanda ke jagorantar aikin yashe kogin San Juan, ya kafa hujja da taswirar Google kan wurin da mutanen Nikaragwa suka shiga. Kamfanin ya amsa cewa layinsa da kuskure, ya gyara, a 2015 kuma kotu ta ce wurin na Kosta Rika ne. Duk taswirar da ka ɗauka, duba wanda ya zana ta, da shekarar, da ma'auninta. A ƙaramar taswira kaurin layin alƙalami kaɗai yana iya fin faɗin kogin.

Mataki na 7: Raba maganar layi da maganar haƙƙi

Sanin inda layi yake bai gaya maka wa zai sha, wa zai yi su, wa zai wuce da kwale-kwale ba. Waɗannan a wasu sassan takardar suke, ko a wata takarda dabam. Kosta Rika ba ta da ko ɗigo na San Juan, amma hukuncin 2009 ya tabbatar mata da 'yancin zirga-zirgar kasuwanci har da ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, ya kuma ce mazauna gaɓarta suna iya kamun kifin da za su ci. Nikaragwa tana da ikon tsayar da jirgi a shingenta ta nemi takardar shaida, amma ba ta da ikon neman biza. A Chobe ma, ko da tsibirin ya tafi Botswana, jiragen ƙasashen biyu daidai suke a duka rassan.

Kan rabon ruwan kansa, akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 wadda ta fara aiki a 2014. Jigonta uku ne: a yi amfani da ruwa bisa adalci, kada a jawo wa maƙwabci babbar illa, kuma in za a yi babban aiki kamar madatsar ruwa a sanar da shi a ba shi wata shida ya duba. Ƙasashen da suka shiga cikinta take ɗaurewa, saboda haka ka duba ko naka biyun suna ciki. Duba kuma ko kogin yana da hukumar haɗin gwiwa, irin Hukumar Raya Kogin Neja mai ƙasashe tara da hedikwata a Yamai, ko ƙungiyar kogin Senegal da aka kafa a 1972.

Gada ma tana da nata. Kada ka ɗauka tsakiyarta ce iyaka. A gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta Benin kotu ta ce iyakar da ke kan gada tana bin layin da ke cikin ruwa a ƙarƙashinta.

Mataki na 8: Je ka gani, sannan ka rubuta

Zuwa da kai ya fi aike. Je sau biyu in da hali, da rani da kuma bayan damina. Fara da gabatar da kanka ga jami'an iyaka da shugabannin wurin, riƙe da takardar shaidarka, kuma ka tambaya kafin ka ɗaga kyamara, don gada da shingen tsaro wurare ne da ake hana hoto a ƙasashe da yawa. In za ka ƙetare, bi ta mashigin da hukuma ta sani, ko da kana ganin mutanen wurin suna ratsawa ta ko'ina. Sau da yawa suna da sassaucin da baƙo ba shi da shi. Nemi turakun iyaka da ke gaɓa. A kogi galibi ba su ne iyakar ba, alamu ne da ake auna nisa daga gare su zuwa layin da ke cikin ruwa. Rubuta lambar kowanne da halin da yake ciki. Wanda ruwa ya kusa ci, kai rahoto, kada ka matsar da shi da hannunka ko da niyyar alheri.

Abin da za ka rubuta kada ya wuce shafi biyu: sunan takardar da shekararta, jimlar da ta ambaci kogin kamar yadda take, irin layin, babban reshe da dalilin zaɓensa, jerin tsibirai, wuraren da kogin ya gusa da shekarun, da haƙƙoƙin da kowane gefe yake da su. Ware abin da takarda ta faɗa daga abin da kai ka fahimta. Inda layin takarda da ruwan yau suka saɓa, nuna wurin a kan hoto ka miƙa wa hukumar iyakoki, domin gyara yana yiwuwa in gwamnatoci sun so. Bayan an miƙe kogin Meuse saboda jirage, wani yankin Beljiyam ya manne da gaɓar Holan, 'yan sandan Beljiyam ba sa isa wurin sai ta ruwa. Ƙasashen biyu suka yi musayar filayen, iyakar ta koma cikin kogi daga 1 ga Janairu 2018.

Sa kwanan wata a kan rahoton, ka ajiye hotunan da ka yi aiki da su. Duk shekarar da aka yi babbar ambaliya, sauko da sabon hoto ka ɗora a kan tsohon.